Jirgin cikin garin Kano da ya tsaya a takarda, da rabon Maraɗi a cikin zancen

Duk ɗan kasuwar Maraɗi da ke zuwa sari Kano ya san inda gajiyar tafiyar take. Ɗan Isa da Jibiya da masu shinge a hanya duk an saba da su, an san yadda ake rabuwa lafiya. Abin da ke cinye yini shi ne bayan an shiga gari: daga tasha zuwa Kantin Kwari, daga Kwari zuwa Singa, sannan a ce sai an leƙa Dawanau kafin la'asar, mutum na cikin adaidaita sahu yana shaƙar hayaƙi yana lissafin kayan da bai saya ba tukuna. Shi ya sa lokacin da aka ji a 2016 cewa gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje za ta shimfiɗa wa birnin layin dogo na cikin gari, murnar ba ta tsaya ga Kanawa ba. Mu ma da ke wannan gefen iyaka mun saka rai.

Abin da aka sanar ba ƙarami ba ne: layi huɗu, tsawonsu gaba ɗaya kilomita 74 da ɗoriya, a kan dala biliyan 1.85, kamfanin gina layin dogo na ƙasar China, CRCC, shi ya samu kwangilar. Kashin farko kaɗai dala miliyan 555. An sa hannu, an ɗauki hotuna, jaridu sun buga. Ganduje ya cika wa'adinsa na biyu ya sauka a watan Mayun 2023, babu ko ƙarfe ɗaya da aka kwantar a titin Kano. Maganar takan sake tasowa lokaci zuwa lokaci da sabon suna da sabon adadi, amma wancan aikin na 2016 dai a takarda ya ƙare.

Sauƙin magana shi ne a ce an cinye kuɗin. Mutanenmu na son wannan bayanin domin sau da yawa yakan zama gaskiya. A nan kuwa bai wadatar ba, saboda bashin da aka dogara da shi bai ma fito ba. Sai an bi lissafin kafin a gane inda gizo ke saƙar.

Irin wannan jirgin daban yake da wanda ake ginawa daga Kano zuwa garinmu. Ƴan taragai ne biyu zuwa biyar masu tafiya da lantarki, suna bi ta tsakiyar unguwanni, suna tsayawa bayan kowane ɗan taƙi su sauke su ɗauka. Wani a kan titi yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da motoci, kamar na Kasabalanka da Rabat a Maroko, wani kuma ana ɗaga shi kan gada a wuraren cunkoso. Ba ya ɗaukar buhun wake ko shanu. Mutane kawai yake ɗauka, kuma da kuɗin tikitinsu ake sa ran ya rayu.

Kwatanta shi da namu ya isa ya nuna girman matsalar. Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda majalisar zartarwar Najeriya ta amince da shi a Satumbar 2020 kuma aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, kilomita 284 ne a kan kusan dala biliyan 1.96, har da reshen da zai tafi Dutse. Ko an manta da reshen, kowace kilomita ba ta cika dala miliyan 7 ba. Na cikin garin Kano kuwa kowace kilomita tana kamawa kusan dala miliyan 25. Wato kuɗin da zai ratsa Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya har ya tsallako iyaka, kusan shi ne kuɗin zagaya cikin birni ɗaya.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafar mai tafiya. A daji gonaki ake ratsawa, a biya diyya, a cike kwari, a yi kwalbati, a wuce. A cikin gari kowane taku akwai mai shi. Akwai shago, akwai masallaci, akwai gidan gado da magada talatin, akwai maƙabarta da ba wanda zai yarda a taɓa. A ƙarƙashin kwalta akwai bututun ruwa da wayoyin sadarwa da magudanai waɗanda dole a tono su a sauya musu wuri kafin a kwantar da dogo, domin ba a tsayar da jirgi duk ranar da famfo ya fashe. Sannan tashoshi da yawa, da wayar lantarki a sama tsawon layin, da ƙananan tashoshin rarraba wuta, da babban garejin kwana da gyara wanda shi kaɗai yana son fili mai faɗi kusa da gari, inda fili ya fi tsada. A Kano akwai ƙarin abu biyu: tsohon birni da lungunansa da ganuwa, da kuma gadojin sama da na ƙasa da gwamnatoci suka yi ta ginawa a manyan mahaɗa, daga Ƙofar Nasarawa zuwa Dangi da Hotoro. Kowace gada an zana ta ne domin mota. Jirgin da zai zo daga baya sai dai ya hau samanta ko ya kauce mata, kuma duka biyun kuɗi ne.

To, wa zai biya? A shekarun da ake wannan magana kasafin kuɗin jihar Kano na shekara guda bai kai naira biliyan 300 ba. Dala biliyan 1.85 a canjin gwamnati na ƙarshen 2016, kusan naira 305, ya haura naira biliyan 560. Aiki ɗaya ya kai kusan kasafin shekara biyu na jihar baki ɗaya, da albashi da asibiti da makaranta. Babu hanya sai bashi, kuma tsarin da aka saba da bankunan China shi ne su ba da kashi 85 cikin ɗari, mai aiki ya kawo 15.

Mu ɗan yi lissafi irin na bakin kasuwa, mu sauƙaƙa wa aikin iya sauƙi. A ce an ranto kashi 85 ɗin, a ce za a biya cikin shekara 20, a ce ma babu ruwa ko sisi. Duk shekara sai an nemo kimanin dala miliyan 79. A canjin 305, naira miliyan 66 ke nan kowace rana. Amma a dala ake biyan bashin, fasinja kuma naira yake miƙawa. Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a 2024, sai wancan miliyan 66 ya koma sama da naira miliyan 320 a rana. In tikiti naira 300 ne, sai an sayar da fiye da miliyan ɗaya kullum, ranar Juma'a da ranar sallah da ranar ruwa, kafin a biya uwar kuɗin kawai. Ba a sayi wuta ba, ba a biya direba ba, ba a sauya ƙafar tarago ko ɗaya ba.

Mu da ke riƙe da sefa wannan ciwon ba mu cika jin sa ba, tunda kuɗinmu a ɗaure yake da yuro a kan 655.957. Amma duk wanda ya taɓa ajiye naira a Babbar Kasuwa ya kwana ya tashi ya ga ta zube, ya san abin da ake nufi.

Jirgin cikin gari kamar doki ne: ranar saye ake taruwa kallo, amma dusa da harawa na kullum su ke nuna ko gidan ya isa riƙe shi. Kusan ko'ina a duniya kuɗin tikiti ba ya mayar da kuɗin gini, a wurare da yawa ma ba ya ɗaukar nauyin gudanarwa, gwamnati ce ke cikawa duk shekara. Aljeriya ta buɗe na babban birninta a 2011, na Oran da Kwanstantin a 2013, da kuɗin man fetur da iskar gas. Da farashin mai ya faɗi bayan 2014, sai ta jingine waɗanda ta tsara wa Annaba da Batna. Wannan ƙasa ce mai rijiyoyin mai nata na kanta, ba jiha mai jiran kason wata daga Abuja ba. Tambayar da ya kamata a fara da ita ranar sa hannu, wato daga wane aljihu za a riƙa cike giɓin, ita ce ba a cika son yi ba, don ba ta da daɗin ji a wurin biki.

Akwai kuma ƙulli na doka. Jiha a Najeriya ba ta cin bashin waje da gaban kanta. Sai gwamnatin tarayya ta tsaya mata, ofishin kula da basussuka na ƙasa ya duba ko za ta iya biya, majalisar dokoki ta ƙasa ta amince, sannan in ta gaza a riƙa cira daga kasonta tun daga tushe. Bayan haka, a lokacin harkar layin dogo tana cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya ita kaɗai, sai a watan Maris na 2023 Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi dama. Watanni biyu kafin Ganduje ya sauka ke nan. A ɗaya gefen kuma mai ba da bashin ya fara ɗaure bakin jakarsa. Shekarar 2016 ita ce bashin China ga Afirka ya kai ƙololuwa, daga nan ya yi ta raguwa. Ita kanta gwamnatin tarayya ta sha jira kan kuɗin layin Kaduna zuwa Kano, har sai da aka sauya banki.

A 2020 maganar ta dawo da sabon salo: rancen yuro miliyan 684 daga bankin raya ƙasa na China domin kashin farko, kusan sefa biliyan 449. A nan ne gardama ta fito fili. Wasu dattawan Kano ƙarƙashin jagorancin marigayi Bashir Usman Tofa, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1993, suka ce ba su yarda ba, bashin zai danne jihar har jikoki, alhali ga ruwan sha da makarantu na jira. Ƴan adawa suka ɗauka. Wanda ya san siyasar Kano ya san gabar da ke tsakanin Gandujiyya da Kwankwasiyya ba ta bar komai ba, har masarauta. Bankin da zai ba da kuɗin da za a biya cikin shekaru ashirin ko fiye yana sauraron irin wannan, domin ya san gwamna shekara takwas ce iyakarsa, wanda zai gaje shi kuma yana iya zama mutumin da ya rantse ba zai biya ba.

Wani ɓangaren da masu zane kan tsallake shi ne mutanen da ke kan titin tun kafin jirgin. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ta zama ƙafar gari. Dubban gidaje da ita suke cin abinci: mai tuƙi, mai babur ɗin da ake kai wa balas, bakanike, mai faci, mai sayar da kayan gyara. Da suka yi yajin aiki a Janairun 2022 kan kuɗin rajista, Kano ta koma tafiya a ƙasa. Jirgi ba ya samun cikar fasinja sai an ba shi manyan hanyoyin da suka fi ciniki, an mayar da masu adaidaita masu kawo masa mutane daga lunguna. Wannan sulhu ne da ƙungiyoyi masu ƙuri'a, kuma ba injiniya ke yin sa ba. Ga kuma abin da jirgi ba zai taɓa yi wa ɗan sari ba: adaidaita tana ɗaukar ka da dilar atamfarka ta sauke ka a ƙofar shago.

A ganina, Kano ba ta yi asarar da ake zato ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma akwai waɗanda suka tashi muka ga rawar. Abuja ta buɗe nata a Yulin 2018 bayan an kashe sama da dala miliyan 800, da bashin dala miliyan 500 daga China. Layin ya haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgin sama, ya bar Nyanya da Mararaba inda ma'aikata ke kwana suna cunkoso kowace safiya, wasu tashoshin ma ba hanyar mota mai kyau zuwa gare su. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, bai sake motsi ba sai Mayun 2024, bashin kuwa bai tsaya ba. Adis Ababa ta buɗe nata a 2015 a kan dala miliyan 475, shi kam mutane sun shige shi sosai, amma cikin ƴan shekaru fiye da rabin jiragen 41 sun kwanta saboda rashin kayan gyara, waɗanda da kuɗin waje ake sayo su.

Mu ƴan Nijar ba sai an kai mu nesa ba. A Afrilun 2014 Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da tashar jirgi a Yamai, kamfanin Bolloré na Faransa ya kwantar da dogo kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikin a Janairun 2016 gab da zaɓe. Manufar ita ce a haɗe da layin Kwatano zuwa Paraku na ƙasar Benin, wanda ya tsaya a can tun zamanin Turawa. Sai shari'a ta ɓarke a Benin tsakanin Bolloré da attajiri Samuel Dossou mai kamfanin Petrolin kan wa ke da haƙƙin aikin, kotu ta ba Dossou gaskiya, ɓangaren Benin ya tsaya cik. Layin da bai kai teku ba kuwa ba shi da abin ɗauka. Duk mai bin hanyar Yamai yana ganin ƙarfen a gefen titi, yashi na rufe shi. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: faɗin wancan dogon mita ɗaya ne, na Kano zuwa Maraɗi kuma milimita 1,435, tsohon layin Najeriya 1,067. Ko wata rana an jawo na Doso zuwa gabas, taragonsa ba zai hau namu ba, sai an sauke kaya an sake lodi.

Sai dai kada a ɗauka fasawa kyauta ce. Legas ta nuna akasin haka. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin birni a 1983 tare da kamfanonin Faransa, sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen shekarar, gwamnatin Buhari ta soke aikin a 1985, kuma aka biya diyyar miliyoyin daloli kan abin da ba a gina ba. Garin bai jira ba, ya ci gaba da cika. Sai a Satumbar 2023 fasinja ya fara shiga jirgin cikin Legas, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, shekara 40 bayan Jakande, a kan gadoji masu tsada da suka ratsa ruwa da unguwannin da suka riga suka cushe. Birni mai yawan Legas ko Kano zai buƙaci jirgi ko ba daɗe ko ba jima, kuma duk shekarar da ta wuce hanyar da zai bi tana ƙara tsada. Kuskuren Kano shi ne ta nemi layi huɗu a tashi ɗaya da bashin da ya fi ƙarfinta, da ya gagara kuma ba ta koma ga abin da za ta iya ba: keɓe hanya ɗaya wa manyan motocin bas, kamar yadda Legas ta yi a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, ko Dakar da ta buɗe tata mai aiki da lantarki a 2024 a kan kilomita 18. Hanyar da aka keɓe wa bas yau ita ce ake kwantar wa dogo gobe ba tare da rusa gidan kowa ba.

Maraɗi ba Kano ba ce. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum 267,249, kuma ko da ya ninka tun daga lokacin, babu wata hanya guda a garin da ke kwasar dubban mutane a awa ɗaya zuwa wuri ɗaya, wanda shi ne sharaɗin jirgin cikin gari. Kabu-kabu da adaidaita sun fi dacewa da yadda muke zirga-zirga, daga Zariya zuwa kasuwa, daga Bagalam zuwa asibiti, ɗalibai zuwa jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ga batun wuta: yankinmu da na Damagaram sun daɗe suna dogaro da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru da Najeriya ta katse wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Jirgin da ke tsayawa tsakiyar titi duk lokacin da maƙwabci ya yi fushi ba abin sha'awa ba ne. Duk ɗan takarar da ya zo mana da hoton tarago yana ratsa gaban fadar sarki, a tambaye shi kuɗin tikiti da wanda zai cike giɓi, a ga ko zai amsa.

Amma akwai abin da muke da shi wanda Kano za ta so a ce nata ne. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta ci tsohon gari, an hau da Maraɗi kan tudu aka yanka ta layi-layi, da tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Wannan faɗin shi ne abin da wasu birane ke kashe biliyoyi su saya daga baya, mu kuma muna barin sa yana tafiya kaɗan-kaɗan: rumfa ta zama kwantena, kwantena ta zama shagon bulo, sababbin unguwanni kuma ana yanka filaye ana matse hanya don a samu ƙarin fuloti.

Ranar da jirgin Kano zuwa Maraɗi ya iso, tashar za ta jawo ɗakunan ajiya, da ofishin duwan, da gingimari masu kwasar kaya zuwa Tawa da Agadas da Damagaram, da fasinjoji masu neman shiga gari a lokaci guda. Tun kakanninmu na kai gyaɗa Kano a kan raƙuma da jakuna don ta hau jirgin da ya isa can a 1911, bakin dogo yake yanke wa gari inda kasuwa za ta zauna. Masu kuɗi sun san haka, kuma ba sa jiran a gama aiki kafin su sayi fili. Aikin da ke gaban hukumar birni da da'irorinta uku shi ne su shata hanya mai faɗi daga tashar zuwa Babbar Kasuwa da tashoshin mota, su shata wata ta bayan gari domin manyan motoci kada su riƙa ratsa tsakiyar unguwanni, su kafa duwatsun iyaka, su sa a taswirar gari, su hana gini a kai ko na wane ne. Wannan ba ya buƙatar bankin China ko amincewar wata majalisa a waje. Yana buƙatar ma'aikatan safiyo, da diyyar gonaki tun suna gonaki, da magajin garin da zai iya ce wa babban alhaji a'a.